Shin natsuwa da kamun kai suna iya sa mutum ya ci riba a gidan caca?

Babbar Yaya, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon waɗanda suka san wannan al'amari su haska mini, domin ina cikin damuwa game da ƙanena da ke zaune a Legas, inda yake sana'ar sayar da wayoyi da kayansu. Tun bara na fahimci cewa yana zuwa gidan caca da ke cikin wani otal, kuma idan bai samu zuwa ba, yakan buga irin wannan cacar a wayarsa. Wasan da ya fi so shi ne wanda ake kira rulet, wato wanda ake juya faifai mai lambobi a jefa 'yar ƙwallo, mutum ya zuba kuɗi a kan inda yake zaton za ta tsaya.

Da na yi masa magana bai musa ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce mini shi ba kamar sauran 'yan caca ba ne, domin yana da ƙa'idojin da ya gindaya wa kansa. Ba ya shiga da kuɗin da ya wuce abin da ya ware, ba ya zama a tebur idan ransa a ɓace yake, kuma da zarar ya ci kashi 20 cikin 100 a kan abin da ya shiga da shi, sai ya tashi ya tafi. Idan kuwa aka cinye shi, to yana ninka zubin da ke biye, ta yadda ci ɗaya zai mayar masa da duk abin da ya rasa. A ganinsa, masu yin asara a caca su ne masu zafin kai da haɗama, amma mai natsuwa da haƙuri ba zai taɓa faɗuwa ba.

Hukuncin addini a kan caca ba ɓoyayye ba ne a gare ni, shi ma ya san shi, domin tare muka yi makarantar allo da Islamiyya. Na tunatar da shi, ya sunkuyar da kai, amma na lura zuciyarsa tana nan a kan wannan lissafi nasa. Abin da nake so in sani shi ne, shin akwai gaskiya a cikin maganarsa? Idan babu, ta wace hanya zan nuna masa kuskuren, tunda yaro ne mai kaifin basira wanda faɗa kawai ba ya gamsar da shi? Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne kwanan nan ya fara neman rance a wurina, abin da bai saba yi ba.

Malamin Lissafi, Katsina

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri a kan kula da ɗan'uwanki. Tunda kin ce yaro ne mai son hujja, to ki ba shi wannan lissafin ya bi shi da alƙalami da takarda da kansa.

Faifan rulet irin na Turai yana da gurabe 37. Guda 18 ja ne, 18 baƙi ne, saura ɗaya kore mai ɗauke da sifiri. Wanda ya zuba kuɗi a kan lamba ɗaya ya dace, ana biyansa ninki 35 tare da mayar masa da zubinsa. Yanzu a ɗauka mutum ya zuba naira 1,000 a kan kowace lamba daga cikin 37 ɗin nan, don ya tabbatar ƙwallon ba ta kuɓuce masa ba. Ya kashe naira 37,000, lamba ɗaya ta ci, aka miƙo masa naira 36,000. Naira 1,000 ta tafi aljihun gidan cacar, alhali bai yi kuskure ko ɗaya ba. Wannan shi ne rabon gida, kimanin kashi 2.7 cikin 100 na duk abin da aka zuba, kuma haka yake ko mutum ya zaɓi ja, ko baƙi, ko lamba guda. A faifan Amurka kuwa, inda aka ƙara wani koren gurbi gurabe suka zama 38, rabon gida ya kai kashi 5.26 cikin 100. Faifan bai san halin wanda ke zaune a gabansa ba. Mai natsuwa da mai zafin kai kaso ɗaya ake cira daga kowace naira da suka ajiye a tebur.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne suna auna wannan kaso da kuɗin da suka shiga da shi, alhali da jimillar abin da suka zuba ake auna shi. Wanda ya shiga da naira 50,000, yana zuba 5,000 a kowane juyi, idan ya yi juyi 40 to ya zuba naira 200,000 ke nan, domin abin da ya ci yana sake mayar da shi tebur. Matsakaicin abin da irin wannan zama ke lashewa ya ɗan haura naira 5,400. Wata rana zai fita da riba, wata rana da asara mai yawa, amma idan aka tara zaman watanni, jimillar tana karkata zuwa ga wannan kaso. A waya abin ya fi sauri, domin babu jiran a kwashe zubin wasu ko a biya su.

Ƙa'idarsa ta tashi idan ya ci kashi 20 cikin 100 ba ta canza komai, matuƙar zai dawo gobe. Juyin gobe ci gaban na yau ne, faifan bai san an kwana ba. Abin da wannan ƙa'ida ke haifarwa shi ne ƙananan nasarori masu yawa waɗanda mutum ke tunawa da daɗi, sai kuma babbar faɗuwa jefi-jefi wadda ke shafe su duka, ita kuma yakan ɗora ta a kan rashin sa'a ko kan cewa ranar bai natsu sosai ba.

Batun ninka zubi shi ne mafi haɗari, kuma tsohuwar dabara ce da aka sani a Faransa tun ƙarni na 18. Idan ya fara da naira 1,000 a kan ja ko baƙi, inda ake biyan daidai abin da aka zuba, zubin zai tafi 2,000, 4,000, 8,000, har ya kai 512,000 a karo na goma. Idan ya faɗi sau goma a jere, ya yi asarar naira 1,023,000, kuma yana bukatar ya ajiye 1,024,000 a karo na sha ɗaya, duk don ya fita da ribar naira 1,000 kacal. Zai ce faɗuwa sau goma a jere ba ta yiwuwa, amma lissafi ya nuna tana aukuwa kusan sau ɗaya a cikin kowane jerin gwaji 780, kuma mai buga wasa kullum ba ya daɗewa bai cika wannan adadi ba. Ban da haka, kowane tebur yana da iyakar abin da aka yarda a zuba, don haka ko da yana da kuɗin, akwai inda za a dakatar da ninkin. A ranar 18 ga Agusta 1913, a gidan cacar Monte Kalo da ke Monako, ƙwallon ta faɗa baƙi sau 26 a jere. Mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja, suna cewa lokacinsa ya yi, suka tafka asara mai yawa, domin kowane juyi zaman kansa yake yi, ba ruwansa da wanda ya gabace shi.

Ɗan Zango, Akkara

Gaisuwa gare ki Yaya, da kuma Malam. Ni na yi aikin juya faifai da raba karta a wani gidan caca a nan Akkara kafin Allah ya buɗa mini wata hanyar abinci, don haka zan faɗi abin da ake gani daga ɗaya gefen teburin.

Irin ƙaninki ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, shi ne irin mutumin da gidan caca ya fi so. Mai zafin kai yakan zo ya zubar da kuɗinsa a dare ɗaya, ya yi rigima, ya tafi, wataƙila ba za a sake ganinsa ba. Mai ƙa'ida kuwa yana zuwa a kai a kai, yana zama cikin ladabi, yana daɗewa, kuma ya gamsu cewa shi ke riƙe da ragamar al'amarin. Shi ake yi wa katin zama ɗan gida, shi ake kawo wa abin sha kyauta, ma'aikata su riƙe sunansa su riƙa gaishe shi da girmamawa. Ba don ƙauna ake yin haka ba. An san cewa yawan zama shi ne ke kawo kuɗi, kamar yadda Malam ya nuna da lissafi.

Ki tambaye shi ko ya taɓa tunanin dalilin da ya sa ake kafa allo kusa da tebur mai nuna lambobin da suka fito a baya, har a ba mutum takarda da biro ya riƙa rubuta su. Da wannan bayani yana taimaka wa ɗan caca ya ci, da ba a bar shi a fili ba. Ana barinsa ne don mutum ya ji cewa nazari yake yi, ba sa'a yake nema ba. Haka kuma ba a barin kowa ya zuba takardar kuɗi kai tsaye, sai ya canza ta zuwa wasu 'yan kwandaloli na roba masu launi, domin hannu ya fi saurin sakin roba a kan ya saki kuɗin da mutum ya sha wahalar nema. Galibin ɗakunan ba su da agogo a bango, ba su da tagar da za a ga gari ya waye, kuma wurin cirar kuɗi ba ya nisa da tebur.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ƙa'idojin mutum ke rushewa. Ba sa rushewa a ranar da yake cin kuɗi, a ranar kowa mai kamun kai ne. Suna rushewa ne a daren da kuɗin da ya ware suka ƙare da wuri, ya miƙe kamar zai tafi, sai ya tsaya a bayan kujera yana kallo, lambar da ya saba zaɓa ta fito. Daga nan sai ka ga ya fita ya dawo da wasu kuɗin, yana cewa zai fanshe abin da ya rasa ne kawai ya tafi. Na ga manyan 'yan kasuwa masu hankali da dattako, waɗanda a kasuwa ba a iya cutarsu da sisin kwabo, sun shiga wannan hali. Ba rashin wayo ba ne ya kai su. An tsara wurin ne don ya gajiyar da ƙarfin zuciya, kuma wurin ba ya gajiya, mutum ne ke gajiya.

Ki kuma gaya masa cewa Monako da Malam ya ambata, wadda ta yi suna a duniya da gidan cacarta, ta hana 'yan ƙasarta yin caca a cikinsa. Baƙi kawai ake bari.

Mai Nazari, Kaduna

Ina neman afuwar Malam, ba ina goyon bayan caca ba ne, amma ina ganin ya kamata a yi adalci a bayani don kada yaron ya kama mu da ƙarin gishiri. Akwai mutanen da aka tabbatar sun ci gidajen caca da ilimi da kamun kai. Edward Thorp, malamin lissafi ne a Amurka, ya nuna a shekarar 1962 cewa a wasan kartar da ake kira bilakjak, wanda ya iya bin lissafin kartar da ta riga ta fita zai iya rinjayar gida. Daga baya wasu ɗalibai na jami'ar MIT da ke Amurka sun yi ƙungiya suka ci kuɗi masu yawa ta wannan hanya. Haka nan a wasan kartar da ake kira poka akwai waɗanda sana'arsu ke nan, kuma dukkansu suna cewa natsuwa ce jarinsu. Idan ƙanin Hajiya ya kawo wannan hujja, me za a ce masa?

Malamin Lissafi, Katsina

Tambayarka tana kan hanya, ɗan'uwa, kuma abin da ka faɗa game da Thorp gaskiya ne. Sai dai ka lura da dalilin da ya sa dabararsa ta yi aiki. A bilakjak, kartar da aka raba ta fita daga cikin tulin, don haka abin da ya wuce yana shafar abin da zai zo. A rulet kuwa babu gurbin da ake cirewa bayan juyi, kullum 37 ne. Saboda haka abin da ya ba Thorp galaba shi ne wata ɓaraka a tsarin wasan, natsuwa kuma ta taimaka masa ne wajen amfani da ita. Inda babu ɓaraka, natsuwa ba ta da abin da za ta yi aiki a kansa. Kuma gidajen caca ba su zauna ba, sun koma haɗa tulin karta shida ko takwas, suna yawaita cakuɗa ta, wasu da na'ura, kuma suna korar duk wanda suka gane yana ƙirga karta. A cacar waya kuwa, inda kwamfuta ke sake cakuɗa kartar bayan kowane hannu, ƙirgar ba ta da amfani sam.

Poka kuma ba da gida ake karawa ba, 'yan wasa ne ke cin junansu, gida yana yankar kasonsa daga kowane zubi. Ribar gwani ɗaya asarar wasu da yawa ce, kuma kowanne daga cikin waɗannan masu asarar ya zauna ne da yaƙinin cewa shi ne gwanin. Ƙanin Hajiya dai rulet yake bugawa, don haka waɗannan misalai ba su shafe shi ba ko kaɗan.

Ma'aikaciyar Lafiya, Kano

Yaya, sannu da ƙoƙari. Malam ya gama da ɓangaren lissafi, ni kuma ina so in ja hankalinki ga abin da kika ambata a ƙarshen tambayarki, wato neman rance, domin a wurina shi ne mafi muhimmanci a duk bayaninki. Mutumin da ke cin riba da gaske ba ya neman rance.

A fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukar jarabar caca a matsayin rashin tarbiyya kawai. A shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da ita rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwayoyi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi haka a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Alamun da ake dubawa guda tara ne, daga ciki akwai bukatar ƙara yawan zubi kafin mutum ya ji daɗin da ya saba ji, da komawa don fanshe asara, da ɓoye gaskiyar abin da aka kashe, da yunƙurin bari a kasa, da rashin sukuni idan an yi ƙoƙarin ragewa, da dogara ga wasu su fitar da mutum daga matsalar kuɗi. Wanda ya haɗa huɗu daga cikinsu a cikin shekara guda, ana ɗaukarsa yana da lalurar. Ba ni da hurumin yanke wa ƙaninki hukunci daga nesa, amma dabararsa ta ninka zubi ita kanta bin asara ce da aka mayar ƙa'ida.

Dalilin da ya sa ƙarfin zuciya kaɗai ba ya isa yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke koyon ɗabi'a. Masanin halayyar nan B. F. Skinner ya nuna da tattabaru cewa ladan da ke zuwa ba tare da an san lokacinsa ba ya fi kafa ɗabi'a mai wuyar bari a kan ladan da ke zuwa a kan tsari. Sinadarin dofamin, wanda ke tura mutum ga neman abu, ya fi motsawa a lokacin jira da rashin tabbas, wato a daidai sa'ilin da ƙwallo ke zagaya faifai. Har ma an lura cewa wasu masu ciwon Parkinson, mai sa karkarwar jiki, waɗanda ba su taɓa caca ba, sun faɗa cikinta bayan an ɗora su a kan magungunan da ke kwaikwayon aikin wannan sinadari, kuma da aka rage maganin sai abin ya lafa. Wani bincike da Luke Clark da abokan aikinsa suka yi a jami'ar Kambirij a 2009 ya nuna cewa idan mutum ya kusa ci bai ci ba, sassan ƙwaƙwalwar da ke motsawa lokacin nasara suna motsawa, kuma sha'awar ci gaba da wasa tana ƙaruwa. Wannan shi ne abin da ɗan'uwanmu na Akkara ya gani da idonsa a kan mutumin da ke tsaye a bayan kujera. Akwai kuma abin da masaniyar halayyar ɗan Adam Ellen Langer ta bayyana a 1975, cewa da zarar an bar mutum ya zaɓi lambarsa da kansa, sai ya ji kamar yana da iko a kan sakamakon da sa'a ce zalla. Mai basira ba ya tsira daga wannan, sau da yawa ma basirar tasa ce ke ƙera masa hujjoji masu kyau.

Kamun kan da ke aiki shi ne wanda ake yi tun kafin a isa wurin, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasashen da suka daɗe da wannan matsala sun gane haka, shi ya sa ba su dogara ga nasihar a yi caca da hankali kawai ba. A Birtaniya akwai tsarin GamStop, inda mutum ke sa sunansa a toshe shi daga dukkan shafukan caca masu lasisi na tsawon lokacin da ya zaɓa, kuma ba a buɗe masa kafin wa'adin ya cika ko da ya roƙa. A watan Afrilun 2019 sun rage mafi girman zubi a wasu na'urorin caca na shaguna daga fam 100 zuwa fam 2, a Afrilun 2020 kuma suka hana yin caca da katin bashi. A Singafo ɗan ƙasa sai ya biya kuɗin shiga kafin ya taka gidan caca, kuma iyali suna iya neman hukuma ta hana ɗan'uwansu shiga. Duk waɗannan shinge ne da ake kafawa a wajen mutum, don ya tsare shi a lokacin da zuciyarsa ta raunana.

Babbar Yaya, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara muku ilimi. Bayan na karanta bayananku na kira shi, kuma da na matsa masa ya amsa cewa akwai bashi a kansa, ciki har da kuɗin kayan da wani abokin kasuwancinsa ya ba shi ya sayar. Ina da abin da zan iya biya masa, kuma zuciyata tana raya mini in biya a rufe maganar ba tare da mahaifinmu ya ji ba, saboda yana fama da hawan jini. Shin yin hakan daidai ne, ko kuwa zan ƙara masa hanya ne?

Almajirin Ilimi, Sakkwato

Hajiya, Allah ya ba ki ladan zumunci. Rufa asirin ɗan'uwa abu ne mai kyau a addini, amma rufa asiri daban ne da share masa hanyar komawa. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa caca da giya, suka umarci a nisance su gaba ɗaya, ba a tsaya a yi su daidai gwargwado ba, kuma suka ambaci ƙiyayya da gaba da suke haifarwa tsakanin mutane. Kuɗin abokin kasuwancinsa amana ce, kuma a nan ne gabar ke farawa. Ya inganta a hadisi cewa wanda ya ce wa abokinsa ya zo su yi caca, to ya yi sadaka, wato tun daga gayyata aka tare ƙofar. Ina ganin ki sa wani babba namiji da yake jin nauyinsa a cikin maganar, kawu ko baffa, ko da ba a gaya wa mahaifinku yanzu ba, domin nauyin ya fi ƙarfin ki ɗauka ke kaɗai, kuma abin da aka ɓoye tsakanin mutum biyu ya fi saurin maimaituwa. Kada kuma a kunyata shi a gaban jama'a, domin kunya mai yawa tana kore mutum daga gida ta mayar da shi inda ya fito.

Ma'aikaciyar Lafiya, Kano

Na yarda da shawarar ɗan'uwanmu na Sakkwato, kuma zan ƙara da yadda za a bi da kuɗin. Kada ki tura masa ko naira ɗaya a asusunsa, domin mai bashin caca idan kuɗi suka shigo hannunsa, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya ninka su ya biya kowa ya huta. Idan za ki taimaka, ki sa ya rubuta dukkan basussukan da ke kansa, ki ga bayanan asusunsa na banki na watannin baya da idonki, domin adadin da ake faɗa da farko yakan gaza na gaskiya, musamman idan akwai rancen manhajojin waya masu kuɗin ruwa. Sannan ki biya mai kayan kai tsaye, a rubuta cewa rance ne da ƙaninki zai riƙa biya kaɗan-kaɗan daga cinikinsa. Bayanan bankin nan suna da wani amfanin, wato shi da kansa zai tara abin da ya zuba da abin da ya ciro, ya ga jimillar da bai taɓa yarda ya duba ba.

Bayan haka sai a kafa shingen. Ya rufe asusunsa na caca a gabanki ko a gaban kawun naku, ya nemi gidan cacar su sa shi cikin waɗanda aka hana shiga, a sa wa wayarsa manhajar toshe shafukan caca wadda wani ne ke riƙe da lambar sirrinta, a rage iyakar abin da zai iya turawa daga asusunsa a rana, kuma kuɗin jari su koma hannun amintacce na wani lokaci. Kada ki dogara ga cewa hukuma za ta yi muku wannan aiki. Hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a Kano a watan Oktoban 2024, kuma a watan Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta ce jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca, amma shi a Legas yake, inda doka ta yarda da gidajen caca masu lasisi, wayarsa kuma tana tare da shi ko'ina.

Ki sa rai cewa zai iya zamewa ya koma sau ɗaya ko fiye, kuma hakan ba ya nufin aikin ya lalace. Ki riƙa lura da barcinsa da cin abincinsa da irin maganganunsa, domin masu wannan lalura suna cikin haɗarin baƙin ciki mai tsanani da tunanin hallaka kai fiye da sauran jama'a, musamman a makonnin da asirin bashi ya tonu. Idan kika ji yana cewa ya zame muku kaya ko rayuwa ta ishe shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba a can Legas, akwai kuma na Barnawa a Kaduna idan ya dawo gida, kuma a irin waɗannan wurare ana samun masu ba da magani ta hanyar tattaunawa, inda ake bin tunanin mutum game da sa'a da dabara ɗaya bayan ɗaya ana gwada shi da abin da ya faru a zahiri. Ko bai kai ga wannan matsayi ba, ki nemi ya amince a yi masa rajistar ganin likita a cikin wannan watan, kuma kawun naku ya raka shi zuwan farko.